Ɗigon Kwalli a Gilashin Rediyon Iya

Fagge, Kano
Asabar da safe

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa, tare da ladabi da biyayya, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa a inda kike. Bayan gaisuwa, ni ne ɗanki Ganiyu nake rubuto miki daga ɗakinki, a kan teburin da Baba ya bari.

Ki yi haƙuri, wasiƙar nan ba ke kaɗai za ki gan ta ba. Kin san mutanen nan da ke taruwa a shagon mai gyaran agogo a Sabon Gari, masu farautar tashoshin nesa a gajeren zango, waɗanda kike kira 'yan kasa kunne. Suna da littafi guda da ke yawo hannu zuwa hannu, kowa ya rubuta tashar da ya kamo, da mitar da ya same ta, da lokacin. Wannan makon littafin yana wurina. Sau uku na buɗe shi in rubuta rahoto irin na kowa, na kasa, domin tashar da zan ba da labarinta ba ni na kamo ta ba. Ke kika kamo ta. Saboda haka ke zan rubuta wa, su kuwa su karanta.

Yau kwana arba'in da uku da rasuwarki. Da rana zan shiga jirgin ƙasa zuwa Jos, inda aka ba ni aikin koyar da lissafi da kimiyya a wata sakandare. Na ci jarrabawar ƙarshe ta kwaleji, Iya. Sakamakon ya iso mako uku bayan an binne ki. Na karanta takardar sau biyu, na ninke ta, na sa a ƙasan akwati.

Akwai tambayar da kika yi mini shekara biyu da suka wuce ban amsa ba. Na ƙudura ba zan bar Kano ba sai na samo amsarta. Saura ƙiris in tafi babu ita, kuma laifina ne. Zan faɗa miki yadda aka yi, bi da bi.

Bari in fara da rediyon, saboda masu karatu. Baba ne ya saye shi lokacin yana aikin gyaran injin jirgi a tasha. Maƙwabtanmu duk akwatin waya gare su, wanda ake ratayewa a bango ya faɗi abin da aka turo masa kawai. Namu kuwa akwatin katako ne mai zango huɗu, yana aiki da batirin mota, eriyarsa ta taso daga indararo ta ƙare a reshen ceɗiyar ƙofar gida. Baba yana da littafinsa na tashoshi, shi ya koya mini rubuta nawa. A zamaninsa ba kya taɓa akwatin sai in za ki ɗaga shi ki share ƙarƙashi. Kina cewa mutum biyu masu hankali sun zauna suna sauraron suyar ƙosai.

Bayan rasuwarsa, da na tafi kwaleji a Badun, gidan ya zama daga ke sai akwatin. Ba kya karanta lamba, ko da yake babu mai iya cutarki a lissafin atamfa. Sai kika ƙirƙiro taki hanyar. Duk tashar da ta yi miki, ki kwaɓa lalle ko shuni da ɗan ƙaro, ki tsoma tsinken tsintsiya, ki ɗiga a gilashi daidai inda allura ta tsaya. Ja na labarai ne, shuɗi na karatun Alƙur'ani. A hutuna na farko na tarar da ɗigo uku. A na ƙarshe sun zama goma sha ɗaya. Guda ɗaya a cikinsu baƙi ne, na kwalli.

Baƙin nan shi ne ƙawarki. Haka kike kiranta a wasiƙun da kike sa mai rubutu na bakin gidan waya ya rubuto mini. "Ƙawata ta cikin akwati tana gaishe ka." "Ƙawata ta yi mura wannan makon, muryarta ta dushe." Mace ce mai waƙa da harshen da babu wanda ya san shi a layinmu. Kullum bayan La'asar, in kin dawo daga rumfa kin ɗora tukunya, ki zauna ki ji waƙa uku, ki kashe. Uku tak, saboda batir. Ta ukun na ƙarewa, hannunki na kan makunni.

A hutun shekarata ta biyu, ina ɗakin waje ina karatu, kika ɗaga murya kika ce, "Akawu, zo ka gane mini garin matar nan." Akawu kike ce mini tun ina firamare, saboda ina gyara wa manya lissafi ba a tambaye ni ba. Ban tashi ba. Na saurara daga inda nake kamar daƙiƙa goma, na ce wataƙila Indiya. Kika ce, "Wataƙila ba sunan gari ba ne. Shekara biyu a Badun, wataƙila suka koya maka?" Na ce an jima zan duba.

Kin sake tambaya sau ɗaya a wannan hutun, sau ɗaya a na gaba. Daga nan ba ki ƙara ba. Ni kuwa safe da maraice ina kan akwatin ina farautar nawa tashoshin, ina cika shafi da sunayen garuruwan da ba zan taɓa zuwa ba. Na koma na duba littafina don kada in yi wa kaina ƙarya ko in yi miki. A cikin shekara huɗu babu layi ko ɗaya da na rubuta tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na yamma.

Wayar tangarahon da ƙanenki, Kawu Lamidi, ya buga ta same ni washegarin jarrabawata ta ƙarshe. Kafin jirgi ya kawo ni an gama komai. Aka kai ni maƙabarta aka nuna mini wurin. Na tsaya, na yi addu'a, na dawo. Masu gaisuwa suna ta cewa yaron nan akwai haƙuri, ko hawaye babu. Ba haƙuri ba ne, Iya. Kin san yadda ƙafa take yi in an daɗe zaune a kanta, a mintsine ta ba a ji? Haka jikina duka yake. Ina ganin kowa, ina amsa gaisuwa daidai, ina cin abin da aka ajiye mini. Ba zan iya gaya miki ko da gishiri a ciki ba.

A kwana na shida, ana shirin sadakar bakwai, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Na shiga ɗakinki. Damina ta sauka, na lura ɗigo biyu sun fara ɓamɓarewa saboda danshi. Na ce wa kaina abin da ya dace shi ne a adana su a inda ba za su lalace ba. Na ɗauko littafi da rula. Na durƙusa gaban akwatin, na sa idona kai tsaye a kan kowane ɗigo, kamar yadda aka koya mana a ɗakin gwaje-gwaje. Na karanta lambar da ke buge a gilashin a daidai wurin, na kuma auna nisansa daga gefen katako. Kowanne sau biyu. Duka goma sha ɗayan.

Da na gama sai na ga gilashin ya yi datti. Na jiƙa tsumma da kananzir na goge shi. Bai kai minti ɗaya ba. Ba zan ce ban san abin da nake gogewa ba, na sani. Na ɗauka na riga na kwashe abin da ke cikinsu na zuba a littafi, saura tabo kawai. Na ninke tsumman, na fita na ci gaba da karɓar gaisuwa.

Bayan sadaka, da gida ya yi shiru, na zauna da La'asar in samo miki amsarki. Na fara gwada waɗanda na sani. Na sa allura a lambar jan ɗigon Ikko, ta zo. Landan ta zo. Alƙahira ta zo. A kowacce sai na ɗan matsa allura zuwa dama kafin murya ta fito tas, amma manyan tashoshi ne, suna da faɗi, ban damu ba. Na ce hannun Iya ne bai daidaita ba.

Sai na sa allura a lambar baƙin ɗigo. Ba ki nuna zango ba, duk ɗigoginki a layi guda suke a saman gilashi, don haka na gwada huɗun. Na farko shiru. Na biyu wayar tangaraho, ƙit-ƙit-ƙiit. Na uku wani mutum ne yana karanta wani abu da harshen Fotugal, daga nesa. Na huɗu shuu kawai, kamar yayyafi a kan kwano.

'Yan kasa kunne sun sani, ke kuma kin fi su sani, a gajeren zango kaurin silin gashi kan raba tasha da tasha. Na bi hagu, na bi dama, kowace yamma. Cikin wata guda na samu tashoshi huɗu masu waƙar mata irin ta gabas a wannan lokacin na yini. Ɗaya na soke ta nan take, na rubuta a gefe: ta yi nisa da ɗigon Iya. Sauran ukun suna kusa da lambar a zanguna dabam-dabam, amma babu wadda ta hau kanta. Na jira kowacce har ta faɗi sunanta, na rubuta.

To wace ce taki? Na zauna ina neman muryar da na ji daga ɗakin waje, babu ita a kaina. Daƙiƙa goma na ba ta, kuma rabin hankalina yana kan littafi. Da na so, da na zaɓi ɗaya daga cikin ukun na ce ita ce, babu mai ƙaryata ni. Amma wannan ma wataƙila ce, sai dai an sa mata riga.

Batirin da kike kai wa bakanike caji sau ɗaya a wata, ni na kai shi sau biyar. Kawu ya leƙo wata rana ya ce, "Ganiyu, mutum ya yi digiri ya dawo yana sauraron iska?" Ban gaya masa abin da nake nema ba. Ban gaya wa kowa na goge ba, har da 'yan shagon agogo, yau za su fara ji. In na gama sai in rufe fuskar akwatin da ƙyallen da kika saƙa masa. Kawu ya ce in na tafi zai shafe ɗakin da farar ƙasa ya dawo da iyalinsa. Na ce to. Ranar Alhamis na ɗaure kayana. Na riga na yarda zan tafi haka nan.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Mama Saratu ta zo. Ke ba sai na gaya miki ko wace ce ba, amma saboda masu karatu: maƙwabciyar rumfar mahaifiyata ce a kasuwar Sabon Gari, matar wani mai duba tikiti a jirgi, Kirista daga kudancin Zariya. Shekara ashirin suna raba inuwa guda. Ta zo sau da yawa a kwanakin gaisuwa, amma a tsakar gida take zama da mata. Jiya almakashinki ta kawo da sandar yadi, waɗanda suka rage a rumfarta. Ta ce tana so ta shiga ɗakin sau ɗaya kafin a shafe shi. Tana shiga ta ɗaga ƙyallen, ba ta tambaye ni ba.

Ta daɗe tana kallon gilashin. Sannan ta ce, "Wane mai tsabtar ne ya yi wannan?" Na ce ni ne. Na ɗauko littafi na buɗe mata, na fara bayanin awo. Ta ce, "Ɗan nan, ni ban yi boko ba, kada ka cika ni da inci. Nuna mini yadda kake nemanta." Na durƙusa gaban akwatin kamar kullum. Ta ce, "Gaishe shi kake yi? Uwarka ba ta taɓa durƙusa wa akwatin nan ba."

Ta jawo kujerarki 'yar tsugunno daga bayan ƙofa, inda na tura ta ranar shara. Ta ajiye ta a hagun tebur, jikin bango. Ta ce nan kike zama, don ki riƙa hango tukunya ta ƙofa. Ita kuma bakin gado, duk ranar da kasuwa ta tashi da wuri ta rako ki gida. Ban san tana zuwa ba. Shekara uku kuna wannan zaman, ba ki taɓa sa shi a wasiƙa ba, ni kuma ban taɓa tambayar wanda ke shigo miki ba.

Ina zama na gane. Allurar ba a jikin gilashi take ba, tana bayansa da kusan kaurin yatsa. Wanda ya kalle ta daga gefe zai gan ta a wani wuri dabam da wanda ya kalle ta kai tsaye. Darasin makon farko ne a ɗakin gwaje-gwaje. Na ci shi a jarrabawa. Zan koyar da shi a Jos. Kuma alamar tana gabana tun ranar farko: Ikko, Landan, Alƙahira, duka dama na matsa. Hannun da bai daidaita ba yakan kauce hagu yau, gobe dama. Kuskuren da ke bin gefe guda kullum ba na hannu ba ne. Ɗigoginki daidai suke, Iya, duka goma sha ɗayan. Ni ne na tsaya a inda ba ki taɓa tsayawa ba, na kuma ɗora miki laifin.

Awon da na yi bai tashi a banza ba. Na ɗauko rula na auna daga gefen katako, na samu gurbin baƙin ɗigon. Mama Saratu ta sauko da tandun kwallinki daga kan taga, ta karya tsinke a tsintsiya ta miƙo mini. Ƙaro babu, da ruwa muka kwaɓa. Na tsoma tsinken, na ɗiga a gurbin.

Ta murɗa makunnin zango zuwa ƙarshen hagu, ta dawo da shi, ƙas, ƙas. Ta ce haka kike yi, sau biyu. Mita ashirin da biyar ke nan. Sai ta nuna mini bango. Akwai tabo a wurin, mai ɗan duhu, faɗin tafin hannu, inda ɗankwalinki ke gugar farar ƙasa in kin jingina. Na share ɗakin nan ya fi sau talatin ban gan shi ba. Ta ce, "Sa kanka nan." Na fi ki tsayi sosai. Na karkata. Ta dafa ƙeyata ta danna, ta ce, "Ƙara. Uwarka ba raƙumi ba ce." A lissafi tsayi ba ya canza komai, domin allurar a tsaye take, gefen da aka zauna ne kaɗai ke da tasiri. Ban gaya mata haka ba. Na sunkuya har kunnena ya taɓa tabon.

Daga nan ɗakin dabam yake. Ana ganin murhu, da igiyar shanya, da randa. Ana kuma ganin ƙofar ɗakin waje. In labulen a ɗage yake, ana hango kujerar da nake karatu a kai da rabin teburin. Na rubuta wannan ne domin gaskiya ne. Ban san abin da zan yi da shi ba.

Na miƙa hannun dama na murɗa a hankali har allura ta ɓuya a bayan ɗigon. Ƙarfe huɗu da minti talatin da shida. Namiji yana magana. Sai kiɗa. Sai mace, murya siririya, tana nisa tana dawowa kamar yadda tashar nesa ke yi. Ban tambayi Mama Saratu ko ita ce ba, ba sai na tambaya ba. Ta zauna a bakin gado, ta dubi akwatin ta ce, "Ke! Ƙawarki ta tafi, ke kina nan kina ta waƙa." Ta ja gefen zane ta rufe fuska. Ni ina kallon allura kada ta gusa.

Daga baya na duba lambar kai tsaye. Ita ce tashar nan da na soke.

Waƙa ta uku ta ƙare. Mama Saratu ta miƙa hannu ga makunni, sabo ne. Na ce ta bari. Ta ce, "Batir fa?" Sai ta dube ni, ta janye hannun ta sa a cinya. Muka ji ta huɗu da ta biyar, waɗanda ba ki taɓa ji ba. Minti goma sha ɗaya ne tsakanin inda kike kashewa da inda suke faɗin sunansu. Na fara tunanin da kin bari sau ɗaya da kin ji da kanki. Ba haka ba ne. Da Turanci suke faɗa. Ni ne ya kamata in zo in zauna.

Ga amsarki, Iya.

Ƙarfe biyar daidai a agogona namijin ya juya Turanci. Ya ce ƙarfe tara da rabi ne, sannan ya faɗi sunan ƙasar. Silon. Tsibiri ne a cikin teku, kudu da ƙasar Indiya, ƙasa ce mai zaman kanta. Suna gabanmu da awa huɗu da rabi, kuma lokacin da ya faɗa ya dace da haka. Sa'ad da kike ɗora tukunya, su sun riga sun ci nasu tuwon sun wanke hannu. Shayi suke nomawa. Na duba gwangwanin shayinki da ke kan taga, sunan yana rubuce a gefensa.

Akwai abin da ya rage, kuma kin san ba na iya barin rabin magana. Garin matar kika tambaya, ni garin tashar na samo. Faifai suke sawa, faifai kuwa daga ko'ina yana iya zuwa. A cikin waƙoƙi biyar ɗin kuma na ji kamar murya biyu ce, ko uku. Na fara faɗa wa Mama Saratu, ta ce, "Kai, rufe mini baki. Mace ɗaya ce, mun san ta. Kada ka kuskura ka kai wa uwarka wannan maganar." Na kawo miki, ki yi haƙuri, amma ga iyakarta. Tashar tana dusashewa, kunnena ɗaya yana manne da bango, kuma sau ɗaya na ji. Ke kin ji ta kusan kullum har shekara uku, kin san ranar da ta yi mura. A kan wannan shaidarki ta fi tawa nauyi, kuma ba zan ƙara bincike ba.

Ga 'yan kasa kunne kuma: mita ashirin da biyar, daga huɗu da minti talatin da shida zuwa biyar da minti biyu na yamma. Ƙarfinta tsaka-tsaki ne zuwa rauni, tana nisa tana dawowa. Lambar tana ƙasan shafin nan. Sau ɗaya na ji sunan, don haka da fensir na rubuta shi, yadda Baba yake yi da duk sunan da bai ji sau biyu ba. Wanda ya ji na biyu ya bi kai da tawada. A gurbin wanda ya kamo kuwa, kada a sa sunana.

Ba zan tafi da akwatin ba. Ban san irin ɗakin da zan samu a Jos ba, ban san ko akwai bishiyar ɗaura eriya ba. Mama Saratu za ta ɗauke shi anjima, mijinta ya ce zai ja mata waya zuwa mangwaron gidansu. Na ce zan gwada mata lambar kafin in tafi. Ta ce ba ta son lamba, za ta nemi wurin zamanta ta ɗiga nata. Ta ce in na zo hutu zan iya shiga in saurara, amma hannuna a aljihu.

Tabon bangon na auna shi. Inci talatin da uku daga ƙasa, inci goma sha tara daga gefen tebur. Ban taɓa sanin tsayinki ba, a tsaye ko a zaune, yanzu na san ɗaya. Na roƙi Kawu in zai yi shafe ya tsallake wurin. Ya dubi bangon, ya dube ni, ya ce, "To, za mu gani." Kin san ƙanenki, kin san abin da hakan ke nufi. Ban yi masa gardama ba. Ɗakin zai zama na masu rai ne.

Har yanzu ban yi kuka ba, Iya. Da muryar ta fito na jira wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba. Mama Saratu ta yi nata ta gama, ta fyace hanci, ta ce in zuba mata ruwa, na zuba. Na raka ta har bakin titi na dawo na ci tuwo.

Amma yau na tashi da asuba wuyana ya ƙage. Ba na iya juyawa dama, da ƙyar na yi sallamar salla. Minti ashirin da shida na yi a sunkuye a wurinki. Ina rubutun nan ina jin sa, daga bayan kunne har kafaɗa. Shi ne abu na farko da ya yi mini ciwo tun ranar da wayar Kawu ta same ni. Matar Kawu ta aiko mini da man zafi a murfin gwangwani. Yana nan a gefen tebur. Ban shafa ba.

Allah ya jiƙan ki, Iyata. Allah ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya sa kina cikin waɗanda ba sa tsoro ba sa baƙin ciki. Allah ya haɗa ki da Baba a gida mafi kyau. Ya saka wa Mama Saratu da alheri. Ni kuma ya yafe mini an jimar da na ce miki, ya sa in ɗalibi ya kira ni in tashi in je inda yake zaune. Amin.

Lokacin jirgi ya kusa, mai amalanke yana ƙofar gida.

Ɗanki,
Ganiyu, Akawunki